Sun Ci Ƙuri'a, Sun Rasa Ɗarika: Fashin Baƙi Kan Yunƙurin Gyara a Cocin United Methodist

A ranar 26 ga Fabrairun 2019, a birnin St. Louis na Amurka, wakilan cocin United Methodist daga sassan duniya suka kaɗa ƙuri'a kan batun da ya shafe kusan shekara hamsin yana cin ransu: shin coci za ta ɗaura auren jinsi, kuma za ta naɗa masu irin wannan zama a matsayin fastoci? Masu riƙo da tsohuwar koyarwa suka yi rinjaye da ƙuri'a 438, ɗaya ɓangaren ya sami 384. Aka bar haramcin a inda yake, har ma aka ƙara masa hukunci. Bayan shekara biyar kacal, da yawa daga cikin waɗanda suka yi murna a wannan rana sun fice daga ɗarikar, dokar da suka kare an soke ta, kuma a wani ƙauye na jihar Taraba an binne mutum uku saboda rikicin da ya biyo baya.

Yaya aka yi wanda ya yi rinjaye shi ne ya tattara kayansa? Amsar tana cikin irin shirin da aka yi wa shugabanninsu, da kuma abin da aka bari ba a koya musu ba.

Sai an fahimci yadda aka raba iko a wannan ɗarika kafin sauran labarin ya zauna. An kafa ta a 1968 a Dallas, lokacin da cocin Methodist ta haɗe da wata mai suna Evangelical United Brethren. Babban Taro, wanda ke zama duk bayan shekara huɗu, shi kaɗai ke da ikon yin magana da yawun ɗarikar da kuma gyara kundin dokokinta. Rabin wakilansa fastoci ne, rabi kuma membobi. Bishop-bishop su ke jagorantar zaman, amma ba su da ƙuri'a. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa duk wanda ya mallaki Babban Taro ya mallaki coci. Ba haka ba ne. A Amurka, bishop ba Babban Taro ke zaɓensa ba. Shiyyoyi biyar na ƙasar su ke zaɓen nasu, kuma muƙamin na har abada ne. Bishop ke tura fasto wannan majami'a ko waccan. Hukumar da ke tantance wanda za a naɗa fasto tana ƙarƙashin taron shekara na kowane yanki. In an kai ƙarar fasto kan saɓa doka, a yankinsa za a duba, a hannun bishop ɗinsa. Ke nan akwai inda ake rubuta doka, akwai kuma inda ake zartar da ita, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba.

Yunƙurin masu neman gyara ya girmi ita kanta haɗakar. A 1966 wani fasto a jihar Illinois, Charles Keysor, ya rubuta cewa akwai ɗimbin 'yan Methodist masu riƙe da koyarwar gargajiya da ba a jin muryarsu. Shekara guda bayan haka ya kafa mujallar Good News, wadda ta rikiɗe ta zama ƙungiya. Abin da ya dame su a lokacin ba batun aure ba ne. Kukansu shi ne littattafan makarantar Lahadi, da abin da ake koya wa ɗalibai a makarantun tauhidi game da ikon Littafi Mai Tsarki, tashin Yesu daga matattu, da wajibcin wa'azin bishara. Wannan yana da muhimmanci, domin waɗanda suka san rikicin daga kanun labarai kawai suna ɗauka magana ɗaya ce tak. Batun jinsi shi ne inda ɓarakar ta fito fili, amma tsagin ya riga shi.

A 1972 Babban Taro ya shigar da jumlar da ta ce aikata luwaɗi da maɗigo bai dace da koyarwar Kirista ba. A 1984 aka hana naɗa masu aikata hakan. A wannan shekarar ce kuma masu ra'ayin riƙau suka kafa tasu ƙungiyar aika 'yan mishan, saboda sun gaji da hukumar mishan ta ɗarikar. Cibiyar Institute on Religion and Democracy ta zo a 1981, Confessing Movement ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. Sai kuma makarantar tauhidi ta Asbury da ke Wilmore a jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1923. Ba ta cikin makarantu 13 na hukuma da ɗarikar ke ba kuɗi, amma ta horar da ɗimbin fastocinta, kuma da yawa daga manyan jagororin wannan ɓangare daga can suka fito.

Mene ne waɗannan ƙungiyoyi suka koya wa mutanensu? A gaskiya sun koya musu abubuwa masu amfani, kuma sun koyar da kyau. Sun nuna wa fasto na ƙauye da dattijon ikkilisiya yadda ake rubuta ƙuduri a miƙa wa Babban Taro, yadda ake tsayawa takarar wakilci, wane kwamiti ne ke da nauyi, yaushe ake neman a rufe muhawara, yaushe ake neman a kai magana gaban kotun coci mai alƙalai tara. A lokacin taro suna shirya karin kumallo kowace safiya, a bayyana wa wakilai abin da ke tafe a ranar, a raba takardar da ke nuna matsayinsu kan kowane ƙuduri da kowane ɗan takara. Mutumin da bai taɓa buɗe kundin doka ba ya koma ya san sakin layi da lambarsa. Ina ganin wannan abin yabo ne. Cocin da membobinta ba su san dokarta ba, ta ma'aikatan ofis ce, ba tasu ba.

Abu na biyu da suka hango da wuri shi ne Afirka. Yawan membobi a Amurka yana raguwa kowace shekara tun daga haɗakar, a Kwango da Laberiya da Nijeriya da Zimbabuwe kuwa yana ƙaruwa, kuma kujerun wakilci da yawan jama'a ake raba su. Zuwa 2019, cikin wakilai 864 kusan kashi 30 cikin 100 daga Afirka suke. Aka riƙa shirya wa wakilan Afirka taron share fage kafin Babban Taro, a bi da su ta kan ƙudurori da ƙa'idojin muhawara, waɗanda da Turancin lauyoyi aka rubuta su, alhali da yawansu Faransanci ko Fotugis ko Swahili suke ji. Daga baya 'yan Afirka suka kafa tasu ƙungiyar, Africa Initiative, ƙarƙashin jagorancin Jerry Kulah na Laberiya. An sha zargin cewa sayen ƙuri'a ake yi, musamman bayan da aka raba wa wakilan ƙetare wayoyin hannu a taron Fort Worth na 2008. Ni dai ban yarda cewa waya ce ta sa ɗan Jalingo ko ɗan Lubumbashi ya ƙi auren jinsi ba. Wannan zargi raini ne ga imaninsa. Amma akwai wata tambaya da ta fi zargin nauyi: an horar da shi don ya jagoranci cocinsa ne, ko don ya cika adadin ƙuri'a? In aka duba abin da ya biyo baya, za a ga horon ya fi karkata ga na biyun.

Ga inda tsarin ya gaza. A 2016 shiyyar yammacin Amurka ta zaɓi Karen Oliveto, wadda ke auren mace 'yar'uwarta, a matsayin bishop. A shekara ta gaba kotun coci ta ce keɓe irinta ya saɓa doka, amma ta bar wa shiyyar da ta zaɓe ta aikin ɗaukar mataki. Shiyyar ba ta ɗauka ba, kuma Oliveto ta ci gaba da aiki har ta yi ritaya a 2024. Bayan rinjayen 2019, tarurrukan shekara da dama a Amurka suka fito fili suka ce ba za su bi dokar ba, suka kuma zaɓi sababbin wakilai masu adawa da ita. A 2022 shiyyar nan ta sake zaɓen wani bishop mai auren jinsi. Doka tana nan a rubuce, ba mai zartarwa. Shekara hamsin ana koya wa mutane cin zaɓe a zauren da ke zama na kwana goma duk shekara huɗu, alhali kujerun bishop, hukumomin naɗi, manyan ofisoshi da makarantun tauhidi na hukuma, waɗanda ke aiki kullum, suna hannun wasu. Kamar mutumin da ke riƙe da takardar gona ce, amma wani ke nomanta yana kai amfanin rumbunsa.

Kwatanci da 'yan Baftis na kudancin Amurka yana haskaka wannan. Su ma masu ra'ayin riƙau a cikinsu sun yi irin wannan kuka game da makarantunsu. Amma sun lura cewa shugaban babban taronsu shi ke naɗa kwamitin da daga gare shi ake samun amintattun makarantu da hukumomi. Daga 1979, da aka zaɓi Adrian Rogers a Houston, suka riƙa cin wannan kujera ɗaya shekara bayan shekara, har amintattun suka sauya, shugabannin makarantu suka sauya. A 1993 Albert Mohler, mai ra'ayin riƙau, ya karɓi shugabancin babbar makarantarsu ta Louisville. Ba dokar suka kama ba, hanyar naɗi suka kama. Tsarin Methodist bai da irin wannan igiya guda da za a ja. Kada dai a ɗauka labarin Baftis ya ƙare lafiya: ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara yunƙurin, Paige Patterson, an sallame shi daga shugabancin makaranta a 2018 saboda yadda ya tafiyar da ƙorafe-ƙorafen cin zarafin mata. Daidaita koyarwa bai gyara halin shugaba ba, kuma duk horon da ya manta da wannan ya bar rami.

Da suka ga haka, jagororin Methodist suka sauya manufa daga gyara zuwa rabuwa. Ƙungiyar Wesleyan Covenant Association, wadda aka ƙaddamar a Chicago a Oktoban 2016, ita ta zama ungozomar sabuwar ɗarika. A Janairun 2020 aka sanar da yarjejeniyar rabuwa cikin lumana, wadda Bishop John Yambasu na Saliyo ya jagoranci haɗa ta, lauya Kenneth Feinberg ya shiga tsakani, aka kuma ware dala miliyan 25 ga masu fita. Sai annobar korona ta zo. Aka ɗage Babban Taro, Yambasu ya rasu a haɗarin mota a watan Agustan wannan shekarar, aka sake ɗagewa, aka kuma sake. Yarjejeniyar ba ta taɓa zuwa gaban ƙuri'a ba. A ranar 1 ga Mayun 2022 aka buɗe Global Methodist Church ba tare da ita ba.

Ƙofar da ta rage ita ce sakin layi na 2553 na kundin dokokin ɗarikar, wanda taron 2019 ya amince da shi. A al'adar Methodist tun zamanin John Wesley, wanda ya assasa tafiyar, ginin majami'a amana ce da ake riƙe wa ɗarika, ba mallakar masu sujada a cikinta ba. Sakin layin ya ba ikkilisiya damar fita da gininta in kashi biyu bisa uku na membobin da suka halarci zama sun yarda, ta biya gudummawar shekara biyu da kasonta na bashin fansho, taron shekara kuma ya amince. Wasu yankuna suka ƙara nasu sharuɗɗan, har da neman rabin darajar ginin. Masu ra'ayin riƙau ne suka goyi bayan wannan ƙofa da tunanin masu adawa da doka za su bi ta. Su ne suka ƙare da bin ta. Kafin wa'adinta ya cika a ƙarshen 2023, majami'u fiye da 7,600 sun fita, wajen kashi ɗaya bisa huɗu na dukan na Amurka. A wannan mataki ma an ga ƙwarewa: an tanadi lauyoyi, takardun bayani, masu zagayawa suna koya wa ikkilisiya yadda za ta shirya ƙuri'arta.

Wannan duka a Amurka ne. Shugabannin ɗarikar sun ɗauki matsayin cewa sakin layin bai shafi majami'un ƙetare ba. Abokan tafiyar da aka dogara da ƙuri'unsu shekara da shekaru aka bar su a ciki, ba ƙofa, ba lauya, ba kuma rinjaye, tunda waɗanda suke haɗa ƙuri'a da su sun tafi. Da Babban Taro ya zauna a Charlotte a 2024, wakilan Afirka da dama ba su ma sami bizar shiga Amurka ba. Aka soke haramcin naɗi da ƙuri'a 692 da 51, aka sauya ma'anar aure ta haɗa da mutum biyu baligai, aka kuma amince da tsarin da zai ba kowane yanki na duniya damar tsara wasu dokokinsa daidai da al'adarsa da dokar ƙasarsa. Kafin watan Mayu ya ƙare, reshen Kwaddibuwa, ɗaya daga cikin mafi girma a ɗarikar, ya kaɗa ƙuri'ar ficewa.

Mu a nan, maganar ba ta nesa ba ce. Ya kamata a bambanta: Methodist Church Nigeria, mai asali daga Ingila da ta shigo ta Badagry a 1842, daban take, wannan rikici ba nata ba ne. United Methodist ta Nijeriya 'yar arewa ce. Tushenta aikin 'yan mishan na Sudan United Mission ne, C. W. Guinter ya iso a 1906, aka kafa tashar Bambur a 1923, cocin ta girma a tsohon lardin Muri da Hausa a bakinta a wa'azi da waƙa, tana cikin TEKAN (Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya), hedikwatarta kuma a Jalingo. Bishop ɗinta na farko ɗan ƙasa, Done Peter Dabale, an zaɓe shi a 1992. Kuma tun kafin maganar Charlotte akwai tsohon miki: zaɓen John Wesley Yohanna a matsayin bishop a 2012 ya bar ɓangarori da ba sa ga maciji da juna, da ƙorafin yanki da na ƙabila a ciki. Rikicin Amurka bai haifi wannan ba, ya same shi ne ya hau kansa.

A Yulin 2024 Yohanna ya sanar da komawa Global Methodist. Wani ɓangare ya ce yana nan daram a United Methodist, kuma a Disamba aka zaɓi Ande Emmanuel bishop a taron shiyyar Afirka ta Yamma a Gana. Global Methodist kuwa, a taronta na Kosta Rika a Satumba, ta zaɓi John Pena Auta cikin bishop-bishop ɗinta. Nan take tambayar ta koma: ginin na wa? Makarantar ta wa? Asibitin na wa? A tsakiyar Disamban 2024, a Munga Dosso da ke ƙaramar hukumar Karim Lamido, aka kashe wani matashi, ƙananan yara biyu suka mutu a gobarar gidajen da aka cinna wa wuta. A farkon 2025 aka sake arangama a makarantar tauhidi ta Banyam da ke Bambur, inda kakannin ɓangarorin biyu suka fara jin bishara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a kan ainihin batun auren, ɓangarorin biyu a Taraba bakinsu ɗaya. Waɗanda suka tsaya suna ta nanata cewa aure tsakanin namiji da mace ne, ba kuma za su ɗaura wani iri ba. Dokar Nijeriya ta 2014 ma ta haramta. Saɓanin shi ne ko ya halatta a ci gaba da zama ƙarƙashin suna ɗaya da asusu ɗaya da waɗanda suka halatta shi a wata ƙasa. Masu fita suna cewa haske da duhu ba sa tarayya, kuma sunan kansa ya zama abin gori a gari, a gaban maƙwabta Musulmi da sauran ɗarikoki. Masu tsayawa suna cewa gadon iyayensu ne, sabon tsarin yankuna ya ba su kariya, ba kuma za su bar gida don wani ya yi ɓarna a ɗakinsa ba. Kowace hujja tana da nauyinta, kuma masu bi na gaskiya suna kowane gefe. Tambaya ce ta tauhidi game da iyakar zumunci, irin wadda ake zama a kanta da Littafi a buɗe. Ba ta kai a ɗauki adda ba.

To, da a ce shirya shugabanni aka yi da gaske, me za a koya musu? Na farko dokar ƙasa, ba ta coci kaɗai ba. A Nijeriya kadarar coci tana hannun amintattun da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, filaye kuma suna da takardunsu. Fastoci nawa ne aka taɓa zaunar da su aka nuna musu sunan wa ke kan takardar majami'ar da suke wa'azi a ciki, da abin da zai faru in ikkilisiya ta rabu gida biyu? A Amurka an rubuta hanya, ko da mai tsada ce. A nan an bar wa ƙarfi da 'yan sanda da kotu.

Sai kuɗi, wanda ba a son faɗa a bainar jama'a. Kusan dukan kuɗin babban asusun ɗarikar daga Amurka yake fitowa, har da albashin bishop-bishop na Afirka, da tallafin Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe, wadda ta buɗe a 1992. Shugaban da albashinsa, motarsa da karatun fastocinsa ke zuwa daga ƙetare, ko wane gefe ya zaɓa za a ce kuɗi ya bi, kuma kowane ɓangare a Taraba ya jefi ɗaya da wannan zargi. Koya wa ikkilisiya riƙe kanta da baikonta da zakkarta, da bayyana lissafi a gaban membobi, ba ƙaramin darasi ba ne na gefe. Shi ke ba shugaba bakin cewa a'a, ko ga manyan ofisoshin ɗarikar da ke Nashville a Amurka ko ga sababbin abokai.

Akwai kuma su wa ake horarwa. An zuba ƙarfi a kan wakilai 'yan ƙalilan masu fasfo. Amma ranar da aka zo rufe ƙofar majami'a ko buɗe ta, ba su ke tsaye a wurin ba. Matasa ne, da zumuntar mata, da mai bishara na ƙauye wanda labarin ya iso masa ta saƙon WhatsApp cewa wai za a tilasta masa ɗaura auren jinsi, ko kuma wai masu fita ɓarayin kadara ne. Babu wanda ya fassara musu ƙudurorin Charlotte da Hausa ko Mumuye ko Jukun, ya bambance musu abin da ya sauya da abin da bai sauya ba. Shugaban da ya san gaskiyar magana ya bar jita-jita tana yi masa aiki, ya ci amanar garkensa, ko da matsayinsa na tauhidi daidai ne.

A Nuwamban 2025 aka sanar cewa tarurrukan shekara na duniya sun tabbatar da tsarin yankuna da rinjayen da ake buƙata. Ma'anarsa, waɗanda suka tsaya a United Methodist yanzu su za su zauna su rubuta nasu ƙa'idojin naɗi da aure da shari'ar coci. Waɗanda suka koma Global Methodist su ma suna gina tsari daga tushe, a ɗarikar da ba ta riƙe ginin ikkilisiya a matsayin amana, abin da ke nufin duk majami'ar da ta ji ba ta gamsu ba tana iya tafiya da ginin. Duka biyun suna buƙatar masana tauhidi, lauyoyi, akantoci da dattawan sulhu 'yan gida, kuma makarantar Banyam da ya kamata ta fitar da su tana cikin kadarorin da ake jayayya a kansu.